Hazon Sakkwato da helikwafta: nisan gani nawa ake buƙata kafin a tashi ko a sauka?

Wani matashi daga Sakkwato, mai shirin shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ya aiko da tambaya: "Ranka ya daɗe, duk hunturu mukan ji an ce jirage sun kasa sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III saboda hazo. Na gane na manyan jirage, amma helikwafta fa? Ai tana iya tsayawa cak a sama, ta sauko a hankali. Me zai hana ta tashi ko sauka? Kuma na ji an ce doka ta yarda matuƙinta ya raba adadin nisan gani biyu. Gaskiya ne?"

Ƙanena, maganar raba adadi biyu tana da asali, amma dokar Amurka ce kuma da sharuɗɗanta, zan zo kanta. Ɓangaren farko na tambayarka ya fi buƙatar gyara, domin har manyan mutanen da ake ɗauka a helikwafta haka suke zato. Sai ka ji mutum ya ɗaga kai ya hango rana, ya juyo ya ce, "Mi ya hana mu tashi?"

Tsayawa cak a sama aikin ido ne. Matuƙi yana riƙe jirgin wuri ɗaya ne ta hanyar kallon wani abu da ba ya motsi, bishiya ko gefen titi ko layin fenti a ƙasa, hannunsa da ƙafarsa suna gyara kafin ma ya san ya gyara. Idan abin kallon ya ɓace, cikin daƙiƙoƙi kaɗan jirgin zai fara zamewa gefe ko baya, shi kuwa jikinsa na gaya masa yana tsaye. Na'urar auna gudu ba za ta cece shi a nan ba, domin da iskar da ke shiga wani siririn bututu a gaban jirgi take aiki, kuma idan gudu ya ragu sosai iskar da farfela ke turowa ƙasa takan rikita ta. Saboda haka duk helikwaftar da aka ba izinin shiga gajimare tana da mafi ƙarancin gudu da aka rubuta a littafinta, ana kiransa VMINI, wanda ba a yin ƙasa da shi muddin da na'ura ake tuƙi. A yawancinsu yana kusa da not 50 ko 60, wato kimanin kilomita 90 zuwa 110 a awa. Akwai jiragen soja da na ceto a teku masu na'urar da ke tsayar da su da kanta, amma wannan kaya ne na daban da izini na daban. Ita helikwaftar da ka saba gani, da zarar ƙasa ta ɓace mata, ta zama kamar kowane jirgi mai fiffike: dole ta yi ta tafiya gaba, kuma dole ta bi hanyar sauka da aka zana aka buga.

Kowace hanyar sauka tana da adadi biyu a ƙasan takardarta. Ɗaya tsayi ne, ɗayan nisan gani. Idan hanyar tana nuna wa matuƙi gangare da kuma tsakiyar titi, kamar ILS, na'urar rediyo da ake kafawa a filin jirgi don jagorantar sauka, tsayin sunansa DA. Yana isa wurin yake yanke hukunci nan take: in ya ga fitilun shiga ko titin kansa ya ci gaba, in bai gani ba ya ƙara wuta ya hau sama. A ILS na mataki na ɗaya, ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, bai yarda wannan tsayi ya yi ƙasa da ƙafa 200 daga ƙasa ba, tare da nisan gani mita 800, ko mita 550 idan na'urar da ke gefen titi ce ta auna, abin da ake kira RVR. Idan kuma hanyar tsakiya kawai take nunawa, kamar VOR ko NDB, tashoshin rediyo masu nuna alkibla kawai, tsayin sunansa MDA, ya fi na farko girma, kuma ba a tsallaka shi ko da ƙafa ɗaya sai an ga titi. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana ci gaba da saukowa ƙasa da ƙafa 1,000 sama da filin in rahoton nisan gani bai kai adadin ba. Wato ba a yarda ka ce bari in gangara in leƙa ba.

Waɗannan lambobi lissafi ne, kuma za ka iya yinsa da kanka. Gangaren ILS yawanci digiri 3 ne. Jirgin da ke ƙafa 200 a kan wannan gangare yana da nisan kimanin mita 1,160 daga inda tayarsa za ta taɓa, kusan mita 870 daga bakin titi. Cikakken jerin fitilun shiga tsawonsa mita 900 ne. Ka ga kenan a daidai lokacin yanke hukunci matuƙi yana kan farkon fitilun, mita 550 sun ishe shi ya ga jerinsu a gabansa. Inda babu fitilun, ko suka mutu, adadin yakan hau, domin yanzu titin kansa zai nema daga nesa.

Yanzu ka dawo gida. Yawancin littattafan da za ka karanta an rubuta su ne a ƙasashen da matsalarsu gajimare mai saukowa ƙasa da hazon ruwa. A can matuƙi yana cikin fari fat har ya ɓullo ta ƙarƙashin gajimare, sai komai ya bayyana lokaci ɗaya. Namu ba haka yake ba. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Borno da Kano da Katsina da Zamfara har zuwa nan. A irin wannan rana rahoton yanayi da NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, ke bayarwa zai iya nuna babu wani gajimare mai muhimmanci, amma ka ga 0800 DU ko 1200 HZ, wato nisan gani mita 800 cikin ƙura ko 1,200 cikin hazo. Adadin tsayi ba ya ba mu wahala a hunturu. Nisan gani ne ke rufe filin.

Kuma hazon yana yaudara ta yadda gajimare ba ya yi. Daga ƙafa 1,500 idan matuƙi ya duba ƙasa kai tsaye ta gilashin da ke wajen ƙafarsa, zai ga gonaki da rufin kwano da shanu sarai, domin ƙurar da ke tsakaninsa da su ba ta da kauri. Da ya ɗaga ido ya duba gaba a karkace, inda titin yake, ƙurar da idonsa zai ratsa ta ninka sau da yawa, sai ya ga toka kawai. Kamar mai tsallaka Gulbin Rima ne lokacin da ruwan ya gurɓace: yana ganin ƙafarsa, ba ya ganin inda zai taka na gaba. Fasinja yana kallon ƙasa ta taga yana mamakin me ya hana a sauka, matuƙi kuwa bai ga abin da doka ta ce ya gani ba. Ganin gona a ƙarƙashinka ba ya cikin jerin abubuwan da ke halatta wuce DA.

Ƙari a kan haka, titin filin Sakkwato 08/26 ne, kusan gabas da yamma, tsawonsa mita 3,000. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, don haka 08 ake fi amfani da shi, fuska a gabas. Da safe rana tana gabanka, ƙurar ta watsa haskenta, abin da rahoto ya ce mita 1,500 ne sai ya koma kamar rabi a idonka. Abu mafi muni shi ne layin da ya raba sama da ƙasa yana ɓacewa. Kunnen ɗan Adam na ciki, wanda ke gaya masa tsaye yake ko a karkace, ba ya jin juyi mai sannu-sannu. Jirgi zai iya karkata a hankali matuƙi na rantsuwa daidai yake. Wannan ne ya kashe ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da wasu mutum takwas cikin helikwafta ranar 26 ga Janairu 2020 a Kalifoniya, kuma hukumar binciken haɗura ta Amurka ta kai ga irin wannan sakamako a haɗarin 9 ga Fabrairu 2024 da ya ci shugaban Access Holdings, Herbert Wigwe, da wasu mutum biyar. Dukkansu tafiya ce da aka fara da ido, aka ci gaba da ita bayan ido ya daina aiki.

To, maganar rabawa biyu. Ana kasa jirage rukuni-rukuni gwargwadon gudun da suke shigowa da shi, kuma rukunin A shi ne na masu ƙasa da not 91. Dokar Amurka ta ce idan helikwafta ta bi hanyar sauka da aka zana don jirage masu fiffike, matuƙi zai iya ɗaukar nisan gani na rukunin A ya raba biyu, da sharaɗin kada ya yi ƙasa da rubu'in mil, kimanin mita 400, ko RVR ƙafa 1,200. Kuma sai ya rage gudu zuwa not 90 ko ƙasa kafin ya isa wurin fasa sauka. Nisan gani kawai ake ragewa, tsayin DA ko MDA yana nan yadda yake. Idan an rubuta a takardar cewa ba a yarda da ragin ba, shi ke nan. Idan kuma hanyar tun farko don helikwafta aka zana ta, an riga an yi ragin a cikin lissafi, ba a sake taɓa ta. Dalilin ragin lokaci ne: jirgin da ke gudun not 140 yana cinye mita 800 cikin daƙiƙa 11, helikwafta mai not 70 tana cinye mita 400 cikin daƙiƙa 11 ɗin nan. Lokacin gani da gyara iri ɗaya ne. Wanda ya ɗauki rabin adadi amma ya shigo da cikakken gudu ya karya lissafin da aka gina sassaucin a kansa.

Kada ka ɗauko wannan daga littafin Amurka ka kawo shi Sakkwato. A nan dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ce ke aiki, musamman kashi na 8 na dokokin sufurin jiragen sama na Najeriya wanda ya shafi yadda ake tafiyar da jirage, sai takardun sauka da NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasa, ke bugawa, sai littafin aiki na kamfanin da ka ke yi wa tuƙi, wanda NCAA ta amince da shi. Idan lambobi suka saɓa, mafi girma ake ɗauka. A tsarin ICAO, takarda mai layin rukunin H ita ce ta helikwafta, in babu shi a bi rukunin A. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara adadin: a ƙa'idar Turai, misali, matuƙi ɗaya tilo ba ya saukowa ƙasa da mita 800 sai in na'urar tuƙi da kanta tana riƙe da gangaren.

Akwai wata hanya da aka ƙirƙira don helikwafta kaɗai, wadda a ganina ita ta fi dacewa da ƙasa irin tamu. Ana kiranta PinS. Tauraron GPS ne ke jagorantar jirgi zuwa wani wuri a sararin sama kusa da asibiti ko sansani, ba tare da an kafa wata na'ura a ƙasa ba. Daga wannan wurin matuƙi ya ƙarasa da ido, ko ya fasa. A Amurka ana taƙaita gudu zuwa not 70 a ɓangaren ƙarshe na irin waɗannan hanyoyi. Sai dai sai an zana ta, an gwada ta da jirgi, an buga. Mutum ba zai danna lambobin wani fili a Illela ko Wurno cikin GPS ɗinsa ya ce ya samu hanyar sauka ba, domin GPS bai san turakun sadarwa da manyan wayoyin lantarki da ke tsakani ba, kuma su ne abin da ido ke gani a ƙarshe cikin hazo.

Tashi kuma lissafinsa daban. Abin da ake tambaya shi ne: idan inji ɗaya ya mutu daƙiƙa biyar bayan ka bar ƙasa, me za ka gani? An kasa aikin helikwafta aji uku. A aji na ɗaya, mai inji biyu, akwai wani tsayi da ake yanke hukunci: kafin shi in inji ya mutu ka koma ƙasa cikin filin da ke gabanka, bayan shi ka ci gaba da hawa da inji ɗaya. A aji na biyu akwai ɗan lokaci a farkon tashi da mutuwar inji za ta tilasta sauka. A aji na uku, inda masu inji ɗaya suke, kowane lokaci inji ya mutu sauka ce ta dole. Komawa ƙasa kuwa duk da ido ake yi. Shi ya sa Amurka ta sa wa helikwaftar haya rabin mil, mita 800, a matsayin adadin tashi na gama-gari, Turai kuma ta sa mita 400 da rana ga aji na ɗaya, mita 800 da dare inda babu alamun titi. Abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne, a Amurka mai jirgin kansa da ba haya yake yi ba, doka ba ta sa masa adadin tashi ko kaɗan. Ni dai ban taɓa ganin hikimar amfani da wannan dama ba. Ma'aunin da nake koya wa na ƙasa da ni shi ne kada su tashi daga filin da ba za su iya dawowa su sauka a cikinsa ba, sai in akwai wani fili kusa da yanayinsa ya halatta sauka.

Bayan tashi akwai hawa. Hanyoyin fita na helikwafta a tsarin ICAO suna ɗauka za ta hau kashi 5 cikin 100, na jirage masu fiffike kashi 3.3. A fasa sauka kashi 4.2 ne, nasu 2.5. Wato sassaucin da helikwafta ke samu bashi ne da take biya da hawa mai tsauri. A nan zafinmu yake shigowa. Filin Sakkwato yana kimanin ƙafa 1,000 sama da teku, amma a rana mai zafin digiri 42 cikin Afrilu iska takan yi sako-sako har inji da farfela su yi aiki kamar suna ƙafa 4,500. Ƙarshen Maris kuwa yakan haɗa zafi da ragowar ƙura. Jirgin da ke hawa da inji ɗaya cikin sauƙi a sanyin Janairu zai iya kasawa da nauyi iri ɗaya, sai an rage fasinja ko mai.

Shi man kuma ba ka son rage shi, saboda filin madadi, wato inda za a nufa idan sauka ta gagara a inda aka dosa. A dokar Amurka, filin madadi na helikwafta sai gajimarensa ya fi adadin saukarsa da ƙafa 200, nisan gani ya kai mil 1 a ƙalla, sannan a riƙe man minti 30 bayan an isa can. A takarda Birnin Kebbi madadi ne mai kyau, kimanin kilomita 100 ta sama. Amma ƙurar da ta rufe Sakkwato ba gajimare ɗaya ba ce da zai wuce cikin awa guda, takan kwana ta wuni a kan yankin gaba ɗaya, kuma sau da yawa Kebbi da Katsina da Kano suna cikinta tare. Kano kusan kilomita 370 ce, kuma tafiya can cikin iskar da ke gabanka ce. Helikwafta ba ta da tankin Boeing. Sau da yawa abin da ke soke tafiya a hunturu shi ne rashin madadin da mai zai kai, ko da Sakkwato kanta tana daidai kan adadi.

Wata ƙurar kuma ba ta cikin kowane rahoto, domin jirgin ne ke ta da ita. Idan za a sauka a filin ƙwallo ko filin idi da ya bushe, iskar farfela takan tayar da ƙasa ta lulluɓe jirgin a 'yan ƙafafu na ƙarshe, daidai lokacin da gudu ya ƙare kuma ido kaɗai ya rage. Haka ta faru a Kabba ta Jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairu 2019 da helikwaftar da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo: ta bugi ƙasa ta kwanta a gefe, Allah ya tsare babu wanda ya rasu. Ranar ba ta da hazon da zai rufe fili. Maganinsa a yayyafa ruwa tun kafin isowa, a zaɓi wuri mai ciyawa ko daɓe, a sauka kai tsaye ba tare da dogon tsayawa a sama ba, kuma da abin kallo ya ɓace a hau sama nan take.

Damina ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da bangon ƙura a gabansa, kuma haɗarinsa sauyin iska ne na farat ɗaya, abin da babu adadin nisan gani da ke kare mutum daga gare shi. Sakkwatawa ba sa buƙatar a tuna musu 29 ga Oktoba 2006, ranar da jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja ya hallaka mutum 96, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Rahoton bincike ya ambaci tashi cikin mummunan yanayi da wannan sauyin iska. Idan hadari ya haɗu a kan fili ana jira ne, kuma yawanci ba ya daɗewa.

Tunda makaranta ka nufa, ko Zariya ko wani wuri, ka sani lasisin farko na tuƙi da ido ne kawai. A filin da ke da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, ƙa'idar tashi da ido ita ce nisan gani kilomita 5 da gajimare a ƙafa 1,500. Hasumiya za ta iya ba da izini na musamman har zuwa mita 1,500, kuma wasu ƙasashe sun sassauta wa helikwafta zuwa 800. Duk lambobin ILS da na lissafa a sama ba naka ba ne sai ka samu shaidar tuƙi da na'ura, kana sabunta ta a kan lokaci, kuma jirgin da kake ciki shi ma an ba shi wannan izini, domin da yawa daga ƙananan helikwaftoci ba su da shi ko da matuƙin ƙwararre ne. Kafin nan, wannan hunturun ka riƙa neman rahoton METAR, wato rahoton yanayi na matuƙa jirage, na filinmu, alamarsa DNSO. Lokacin da ke jiki agogon duniya ne, ka ƙara awa ɗaya ka samu namu. Ka karanta lambobi huɗu na nisan gani, sannan ka fita ka auna da wani gini ko turken da ka san nisansa, da safe fuska a gabas, da la'asar fuska a yamma, ka rubuta bambancin da ka gani.